Wane Ne Clifford Orji? Mutumin Ƙarƙashin Gadar Oshodi Da Sunansa Ya Ƙi Mutuwa A Legas



Duk wanda ya ɗan jima a Legas, ko a abbatuwar Oko-Oba yake nema, ko Mile 12, ko Alaba Rago, ko Idi-Araba, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Clifford Orji ba. Wani cikin raha ya ji shi, wani cikin zagi, wani kuma da shi aka riƙa tsorata shi yana yaro. Ni a bakin wata Bayarabiya mai sayen kayan ciki na fara jinsa, ran wata Asabar da na raka Baba abbatuwa ina ɗan firamare. Ta ga wani yaron mahauta ya yi dumu-dumu da jini har wuya, sai ta kira shi da sunan. Kowa ya fashe da dariya, ni kaɗai ne ban gane ba. Da na tambayi Baba a hanyarmu ta komawa gida, sai fuskarsa ta canza, ya ce, "Kul! Wannan ba sunan wasa ba ne."

Yawancin samarinmu da ke shigowa yanzu sun san sunan, amma ba su san labarin ba. Shi ya sa na tattara shi wuri guda: wane ne mutumin, me aka same shi da shi, yaya ya ƙare, kuma me ya sa har gobe labarinsa ya shafi mai ɗaukar buhu a titin Legas.

A taƙaice

- Suna: Clifford Orji.
- Inda aka kama shi: ƙarƙashin gada, kusa da tashar motar Toyota, a kan babban titin Oshodi zuwa Apapa.
- Ranar kamu: 3 ga Fabrairu, 1999.
- Zargi: sace mutane, kashe su ɗaya bayan ɗaya, cin namansu da sayar da sassan jikinsu.
- Inda aka tsare shi: gidan yarin Kirikiri mai tsananin tsaro.
- Mutuwa: 17 ga Agusta, 2012, bayan shekara 13 a tsare.
- Hukuncin kotu: babu. Har ya mutu ba a kammala shari'arsa ba.

Ku riƙe wannan layi na ƙarshe da kyau, don duk abin da zai biyo baya daga nan ya tsiro.

Oshodin wancan lokaci

Wanda ya san Oshodin yau kaɗai ba zai gane yadda abin ya yiwu ba. A ƙarshen shekarun 1990 Oshodi cunkoso ce da ba ta da iyaka. 'Yan kasuwa sun baje kaya har kan layin dogo, motocin molue sun tare hanya, 'yan tasha da 'yan sane suna cin karensu babu babbaka. Ƙarƙashin kowace gada akwai masu kwana: mabarata, masu taɓin hankali, da waɗanda suka zo neman kuɗi Legas ta kayar da su. Mutum zai wuce mahaukaci ɗaya kullum har shekara bai taɓa kallon fuskarsa ba.

A haka Orji ya zauna. Jaridun lokacin sun ce a da reza yake sayarwa, daga baya ya koma yana kiran kansa boka. Masu wucewa mahaukaci suka ɗauke shi, mai ƙazamin gashi da tsumma, yana hura wuta a gefen 'yar bukkarsa. Dubban motoci suna bi ta kansa kullum, har da masu zuwa filin jirgin sama na Murtala Muhammed, wanda ba shi da nisa da wurin.

Yadda asiri ya tonu

Ranar 3 ga Fabrairu, 1999, aka ji nishin mace daga wajen bukkar. Da jama'a suka kutsa, sai suka tarar da wata mata ta rame ƙwarai, rai kwakwai mutu kwakwai. Aka ɗauke ta zuwa asibiti. Da aka ci gaba da bincika wurin sai aka ga abin da ya girgiza Legas: ƙoƙunan kai, ƙasusuwa, da sassan jikin mutane, wasu ɗanye wasu an dafa. An kuma sami kayan sawar mata.

Akwai abu biyu da 'yan sanda suka ce sun samu waɗanda suka fi tsaya wa mutane a rai: takardar cek ta banki, da wayar hannu. Yaron yau zai ce, to mene ne a waya? Ku tuna layukan GSM ba su fara aiki a Najeriya ba sai a watan Agusta 2001. A 1999 wayar hannu kayan manyan 'yan kasuwa ce da manyan ma'aikata. Baba ya ce a lokacin duk dillalan da ya sani a kara, har da masu sauke tirela biyu a mako, ba mai ita. In za su kira Arewa sai sun je sun bi layi a wurin buga waya. To mahaukacin ƙarƙashin gada wa yake kira, wa kuma ke kiransa? Nan mutane suka ce biri ya yi kama da mutum.

Da 'yan sanda suka baje shi gaban 'yan jarida, ya amsa cewa yana cin naman mutane, kuma ya daɗe yana yi. An kama wani tare da shi wanda jaridu suka kira Tahiru, aka ce abokin aikinsa ne. Suna ne irin namu, kuma na kawo shi ne da gangan, don kada wani ya karanta wannan ya ce ai halin wata ƙabila ce. Mugunta ba ta da yare.

Shekara 13 ba shari'a

An kai shi kotu, kotu ta tura shi Kirikiri, daga nan magana ta kwanta. Ga yadda irin wannan ke faruwa, don ya shafi duk wanda ɗan'uwansa ya taɓa shiga hannu.

Kotun majistare ba ta da hurumin yin shari'ar kisan kai. Abin da take yi shi ne ta ba da umarnin a ajiye mutum a gidan yari, a tura fayil ofishin daraktan shigar da ƙara na jiha don ya ba da shawara, sannan a kai maganar babbar kotu. In fayil ya maƙale a hanya, mutum na nan zaune. Wannan shi ne jiran shari'a, kuma har yanzu kusan biyu cikin kowane uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan a wannan hali suke.

Na Orji ya ƙara da matsalar hankali. Doka ba ta yarda a yi wa mutum shari'a ba in ba zai iya fahimtar abin da ake tuhumarsa da shi ba. Sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, a yi masa magani, in ya dawo hayyacinsa a ci gaba. Jami'an Kirikiri sun sha faɗa wa 'yan jarida cewa haukarsa ta tsananta. Ga shi kuma a lokacin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki, wadda ta fi damuwa da a kulle mutum fiye da a warkar da shi. Sai a watan Janairu 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

A watan Afrilu 2012 aka shigar da ƙara a madadinsa, ana ƙarar kwamishinan shari'a na Jihar Legas kan tsare shi ba bisa ƙa'ida ba. Wata huɗu bayan haka ya mutu a gidan yari, aka ce ciwon gudawa da amai ne. An kama shi zamanin Janar Abdulsalami, lokacin Buba Marwa na gwamnan soja a Legas. Ya zauna a ɗaure duk mulkin Obasanjo da na 'Yar'aduwa, ya mutu zamanin Jonathan. Shugabanni huɗu ke nan.

Saboda haka babu wata kotu da ta taɓa ƙirga mutum nawa aka kashe a ƙarƙashin gadar nan. Ba a kira shaidu sun yi rantsuwa ba. Ba a tsayar da kowa an tambaye shi cek ɗin wa ya rubuta ba. Iyalan da 'yan uwansu suka ɓata a Oshodi a shekarun nan ba su sami wanda zai ce musu ga naku ko ba naku ba. A takarda ma, bisa sashe na 36 na kundin tsarin mulki, wanda ake zargi ya mutu, ba mai laifi ba.

Sunansa a bakin mutane

Inda alƙali bai yi magana ba, sai gari ya yi tasa. A Legas sunan ya tashi daga na mutum ɗaya ya zama laƙabi. Mai haɗamar nama, Clifford Orji. Mai ban tsoro a fuska, Clifford Orji. Uwa za ta ce wa ɗanta kar ya bi ta ƙarƙashin gada da dare don kar Clifford Orji ya kama shi, alhali mutumin ya daɗe a kabari. Kamar dai yadda a gida ake ce wa yaro ga dodo nan, sai dai wannan dodon an ga hotonsa a jarida.

Mu masu harkar nama muna shan namu kason. Mai tsire ko mai balangu da ke tsayawa a unguwannin Legas ya san irin tambayar nan ta "Aboki, naman mene ne wannan?" Sau tari wasa ne, a yi dariya a saya. Amma wasan yana da saiwa.

Labarin bai faɗo a busasshiyar ƙasa ba. Tun 1992 fim ɗin Living in Bondage ya buɗe ƙofar finafinan tsafin kuɗi a Kudu. A watan Satumba 1996 kuma aka yi abin da ake kira Otokoto a Owerri, inda aka kama wani ma'aikacin otal da kan yaro ɗan shekara 11 mai tallan gyaɗa, gari ya yamutse, aka ƙona otal ɗin da dukiyoyin masu kuɗin da ake zargi. Da na Oshodi ya zo bayan shekara biyu da 'yan watanni, sai mutane suka ce ashe abin da ake gani a fim gaskiya ne. Sai dai akwai bambanci. A Owerri gwamnan soja Kanar Tanko Zubairu ya kafa kwamitin bincike, aka yi shari'a, a 2003 kotu ta yanke wa mai otal ɗin, Vincent Duru, da wasu hukuncin kisa. A Oshodi ba a kai ko'ina ba.

Abin da Orji ya dasa a zukata, wanda ya fi komai daɗewa, shi ne wannan: mahaukacin bakin titi ba mahaukaci ba ne, shiri ne, ɗan aiken matsafa ne.

Inda siyasa ta shigo

Ku duba kalandar 1999. An yi zaɓen gwamnoni ranar 9 ga Janairu, Bola Tinubu ya ci Legas. An kama Orji 3 ga Fabrairu. An yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Obasanjo da Olu Falae ranar 27 ga Fabrairu, kwana 24 kacal bayan kamun. Ƙasa na tsakiyar kakar zaɓe, ga sassan mutane, ga cek, ga waya. Nan take zance ya bazu cewa manya ne ke saye don neman kujera. Ba a taɓa gurfanar da wani ɗan siyasa kan wannan ba, ba a kuma tabbatar da sunan kowa ba. Amma da shari'ar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai jinkirin kansa ya zama hujja a wurin talaka: ruwa ba ya tsami banza, an danne ne don kar ya tona. Da ya mutu wata huɗu bayan shigar da ƙararsa, aka sake cewa, kun gani ko?

Daga nan duk abin da ya faru sai a ɗora shi kan wannan. A watan Agusta 2004 'yan sanda suka kai samame wuraren tsafi na Okija a Jihar Anambra, suka kwaso gawarwaki da ƙoƙunan kai da littafin sunayen masu zuwa wurin. Har yau in zaɓe ya matso za ka ji iyaye a Legas da Ibadan suna cewa a kula da yara, lokacin matsafa ya zo. A watan Fabrairu 2022 Majalisar Wakilai ta nemi a ayyana dokar ta-ɓaci kan kisan tsafi. A 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sanar da ƙa'idojin taƙaita nuna tsafin kuɗi a fim.

Ita ma Oshodin an sāke mata kama. A watan Janairu 2009 Gwamna Fashola ya tura aka share 'yan kasuwar bakin titi da na kan layin dogo. Gwamna Ambode ya gina babbar tashar motar nan ta zamani, Buhari ya buɗe ta a watan Afrilu 2019. Cunkoso da ƙazanta da 'yan sane ne dalilan da gwamnati ta bayar. Amma in kana hira da dattijon Legas kan tsohuwar Oshodi, ba zai yi minti biyar ba sai ya ambaci Clifford Orji. Duk lokacin da za a kori masu kwana ƙarƙashin gada, ba a shan wahalar samun goyon bayan jama'a, don kowa na da wannan hoto a kansa. Kuma mun san su wa ke kwana a irin wuraren: akwai 'yan uwanmu da yawa.

Hukuncin titi

Nan ne abin ya fi muni. Mutanen da suka ga an riƙe mutum shekara 13 ba hukunci sun koyi darasin banza, wato miƙa mai laifi ga hukuma ɓata lokaci ne, gara taya da fetur.

A watan Maris 2014 'yan acaɓa masu neman ɗan'uwansu da ya ɓata suka gano wani kango a dajin Soka, a Ibadan, da gawarwaki da mutane a ɗaure. Makonnin da suka biyo baya masu taɓin hankali sun sha duka a tituna, wasu sun rasa rayukansu, don kawai an ce masu satar mutane ne suka yi shigar hauka. A 2016 da 2017 ƙungiyar Badoo ta addabi Ikorodu, tana bin mutane gida da dare tana fasa musu kai da dutsen niƙa. Jama'a suka fusata suka shiga ƙona duk wanda aka nuna, har da waɗanda daga baya aka gane ba ruwansu. A watan Agusta 2017 aka ce an gano maɓoyar masu satar mutane a cikin magudanar ruwa a Ijaiye, kan titin Legas zuwa Abeokuta, aka ƙona mutum biyu nan take.

A kwanakin nan ne abin ya kusa cin wani yaron Baba. An aike shi da kai da ƙafa na saniya a buhu zai kai wa wata mai abinci, jini na ɗiga ta ƙasan buhun. Bai fi wata uku da zuwa daga gida ba, ba Yarabanci ba Turanci. Yana jiran mota wani ya nuna buhun ya yi ihu. Kafin ka ce kwabo an zagaye shi, an fara mari, shi kuma tsoro ya sa ya ƙanƙame buhun, abin da ya ƙara tunzura su ke nan. Allah Ya kawo wata mai sayar da abinci da ta san shi. Ta ratsa taron tana zage-zage, ta fizge buhun ta zazzage shi a ƙasa. Da aka ga kofato sai kowa ya fara sulalewa, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Da daddare Baba ya tara mu ya ce, "Daga yau ba wanda zai sake fitar min da nama a rufaffen buhu. Kun ji ko ba ku ji ba?" Muka ce, "Mun ji, Baba."

Wanda ke ganin na cika zuzutawa ya tuna Uromi, a Jihar Edo, watan Maris 2025. Mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal aka tare, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su ba tare da an kai su gaban kowa ba. Zargin daban ne, amma hanyar ɗaya ce: baƙo, ihu, taro, wuta.

Abin da ya kamata mu riƙe

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da na koya, wasu daga Baba wasu daga abin da idona ya gani:

1. Mai ɗaukar nama ya yi amfani da motocin naman da aka tanada a abbatuwa. In ƙaramin saƙo ne, a sa a roba ko abin da za a iya buɗewa nan take, a riƙe rasit.
2. In an tare ka an ce me ke cikin kayanka, buɗe da kanka tun kafin taro ya yi yawa. Kar ka gudu, kar ka ƙanƙame kaya.
3. 'Yan gwangwan da 'yan bola su riƙe katin shaida da na ƙungiyarsu, su guji shiga kango ko magudanar ruwa, musamman da asuba da dare.
4. Sabon zuwa kar a aike shi shi kaɗai unguwar da ba a san shi ba. A koya masa ko kalma goma ce ta yaren gari, a sa masa lambar maigidansa da ta Sarkin Hausawan unguwa a aljihu.
5. Duk mai ɗan'uwa da ya sami taɓin hankali, kar a bar shi yana yawo a titin Kudu. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Yaba a Legas ko na Aro a Abeokuta, ko a haɗa kuɗin mota a mai da shi gida.
6. A Legas lambobin gaggawa su ne 112 da 767.
7. In ɗan'uwa ya shiga hannu, a bi fayil ɗinsa, a nemi lauya tun da wuri. Jiran shari'a ba ya tambayar ko kana da laifi.

Na ƙarshe kuma namu ne mu kanmu. In aka yi ihun ɓarawo ko matsafi a kasuwarmu, kar hannunmu ya shiga. Mu ma an yi irin wannan a garuruwanmu na Arewa, ba sai na lissafa ba. Wanda ya ɗauki dutse yau don an nuna masa wani, gobe shi za a nuna a unguwar da ba a san sunan ubansa ba. A riƙe mutum, a kira hukuma, a kuma matsa mata lamba har sai alƙali ya yi magana. Da an yi wa Clifford Orji haka a 1999, da yau mun san mutum nawa ne, su wane ne, kuma wa ke da wayar.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta, Ya tsare mu da zuri'armu daga sharrin masu sharri, Ya mai da kowa gida lafiya. Amin.